Rumbun Waje: Yadda Ɗalibin Harshe Zai Saya Ya Kuma Yi Amfani da Ma'ajiyar Bayanai ta Kwamfuta

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zango na shekarar 2024 na koma gida Minna da aron na'urar ɗaukar murya a jakata, da nufin tattara bayanan da zan rubuta kundin digirina. Batun da na zaɓa shi ne yadda jinsi yake ɓacewa a Hausar da Gbagyi da Nufawa suke yi a cikin garin Minna, inda za ka ji dattijo ya ce “matata ya tafi kasuwa” ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Ni kaina Bagwari ne, a makarantar firamare da wajen wasa na koyi Hausa, kuma har yau idan na yi sauri nakan mayar da mace namiji, abin da ke sa 'yan ajinmu dariya. Saboda haka batun ya shafe ni ƙwarai.

Na yi mako bakwai ina yawo tsakanin Kasuwar Gwari da Limawa da Bosso da Kpakungu da bakin tashar jirgin ƙasa. Kafin hutun ya ƙare, kwamfutata ta fara nuna jan layi, alamar cikinta ya cika. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Manufata ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai mene ne wannan na'ura da ake saya a ƙara wa kwamfuta wurin ajiya, yadda take aiki, yadda ake gane tagari a kasuwa, da kuma yadda ake riƙe ta, domin kada wani ya shiga halin da na shiga.

Batun Suna

Kasancewar mu ɗaliban harshe ne, ba zai yiwu in tsallake suna ba. A shagunan da na shiga na ji ana cewa “hadidis”, wasu kuma su taƙaita su ce “estana”, duka aro daga Ingilishi. A rubuce kuwa na ga an yi amfani da “faifan ajiya” da “ma'adanar bayanai”. Ni dai na fi son “rumbun waje”, kuma da shi zan yi amfani a nan. Dalilina shi ne, manomi ba ya tara hatsinsa duka a ɗakin kwana. Yakan gina rumbu a waje, ya zuba abin da ba yau zai ci ba, ya riƙa ɗiba idan buƙata ta taso. Haka wannan na'ura take ga kwamfuta. Wani amfanin kalmar a wurina shi ne jinsinta a fili yake, rumbu namiji ne, ba sai na tsaya ina tunanin ko “shi” zan ce ko “ita” ba.

Yadda Cikin Kwamfuta Yake Cika

Yawancinmu muna ɗauka cewa rubutu ne yake cika kwamfuta. Ba haka ba ne. Kundin digiri mai shafi 100, idan babu hotuna a ciki, da ƙyar ya kai megabayit 1. Abin da yake cinye wuri shi ne murya da hoto mai motsi.

Malamin da ke duba aikina ya gargaɗe ni tun kafin in tafi cewa kada in ɗauki murya a tsarin MP3, domin wannan tsari yana zubar da wani ɓangare na sauti don ya rage nauyin fayil. Kunne ba ya lura, to amma wanda zai auna tsawon wasali ko hawa da saukar karin sauti da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amstadam suka ƙirƙira, yana buƙatar sautin yadda ya fito daga bakin mai magana. Don haka a tsarin WAV na ɗauka. A wannan tsari, idan an ɗauka da ingancin faifan CD, minti ɗaya yana cin kimanin megabayit 10, awa ɗaya kuwa ya haura megabayit 600. Shi kuwa MP3 na yau da kullum, minti ɗaya megabayit 1 ne kacal. Na dawo da hira ta kusan awa 40, wato gigabayit 25 ke nan. Ga bidiyon wani biki da na ɗauka da waya, wanda awa ɗaya kawai yakan ci gigabayit da yawa. Ga ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da sauran littattafan da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, ga waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya da muke nazari a darasin waƙar baka, ga finafinan Hausa da na tara da sunan nazarin zance, ko da yake ba dukansu ne na nazarta ba. Kwamfutata kuwa gigabayit 128 ne cikinta, kuma Windows da manhajoji sun riga sun cinye kaso mai tsoka.

Da wuri ya ƙare, sai na yi abin da kowa yake yi: na kwashe hirarrakin na zuba a filashi, na goge na cikin kwamfutar. Bayan kwana biyu na kai filashin wani shagon buga takardu don a fitar mini da takardar tambayoyi. Da na dawo gida na soka shi, sai na tarar babu folda ko ɗaya, sai wasu gumaka masu 'yar kibiya a gindinsu. A cikin abin da ya ɓace har da hirar awa biyu da na yi da wani dattijo a Limawa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya ba ni labarin yadda Hausa ta zama harshen aiki a tsakanin leburori da masu sayar da abinci a bakin tasha. A daren nan ban runtsa ba. Washegari wani abokina da ke karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ya duba, ya ce mini bairos ne ya ɓoye fayilolin, bai goge su ba, kuma cikin minti goma ya fito da su. Wata biyu bayan haka Allah ya yi wa dattijon nan rasuwa. Da a ce bairos ɗin mai gogewa ne, babu inda zan sake samun wannan murya.

Abin da Ke Cikin Rumbun

Idan aka buɗe rumbun waje, abin da za a gani shi ne irin faifan da ke cikin kwamfuta, an dai sa masa gida na roba ko ƙarfe da 'yar mahaɗa da za ta karɓi wayar USB. A ciki akwai faifai ɗaya ko fiye, na gilashi ko alminiyam, an shafe su da sinadari mai ɗaukar maganaɗisu. Faifan yana juyawa, a yawancin ƙananan rumbuna sau 5,400 a minti ɗaya. A samansa akwai wani ɗan hannu mai kai a ƙarshensa, shi yake rubutawa yake karantawa ta hanyar juya maganaɗisun wurare ƙanana ƙwarai. Wanda ya taɓa ganin garmaho zai gane siffar, sai dai akwai bambanci babba: allurar garmaho tana taɓa faifai, shi kuwa wannan kai ba ya taɓawa, yana shawagi ne a kan iskar da juyawar faifan take tayarwa, a tazarar da kaurin silin gashi ya ninka ta sau dubbai.

Na tsaya a kan wannan ne domin duk ƙa'idojin riƙe rumbu daga nan suka fito. Idan aka buge shi yana cikin aiki, kan zai daki faifan ya kankare wurin da bayanai suke, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan ma'ajiya a 1956, a cikin wata kwamfuta mai suna RAMAC 305. Faifai 50 ne a cikinta, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinta ya kai tan guda, amma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Wato da ni ne a lokacin, ko rabin minti na hirar Baba ta Limawa ba za ta ɗauka ba. A 1980 kamfanin Seagate ya fitar da mai megabayit 5 wanda zai shiga ƙaramar kwamfuta. Yau mai terabayit 1 ko 2 yana shiga aljihun riga. Kamfanoni da dama sun yi wannan sana'a, suka riƙa haɗiye juna, har ya zama saura uku ne suke ƙera faifan kansa: Seagate da Western Digital da Toshiba. Duk wani suna da aka gani a jikin kwali, faifan ciki na ɗaya daga cikin ukun nan ne. Wannan ƙarancin masu ƙerawa yana taɓa farashi. A 2011 da ambaliya ta mamaye masana'antu a Tailan, kuɗin faifai ya tashi a duniya baki ɗaya.

Akwai wani nau'i da ake kira SSD, wanda babu abin da yake juyawa a cikinsa. Ɗan'uwan filashi ne da katin memori. Ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, amma kuɗin kowane gigabayit nasa ya fi yawa, kuma ba a son a ajiye shi shekaru ba a soka shi a wuta ba. A ganina, ɗalibin da zai riƙa yawo da kayansa kullum a kan acaba, in yana da hali, SSD ya fi masa. Wanda kuwa ajiya yake so mai yawa da kuɗi kaɗan, ya ajiye a ɗaki, mai faifai ya ishe shi. Shi na saya.

Shiga Kasuwa

A Minna ana samun waɗannan kaya a shagunan waya da kwamfuta da ke kewayen shataletalen Mobil da Tunga da Bosso. Wanda yake Kano ya san Farm Centre, na Abuja ya san Banex, yawancin kayan kuwa ta Legas suke shigowa. Farashi yana bin dala, musamman tun da darajar naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023, don haka kuɗin da aka gaya maka a wannan wata ba lallai ka same shi a wata mai zuwa ba. A tambayi shago uku ko huɗu kafin a ciro kuɗi.

Na tafi da abokin nan nawa da kwamfutarsa a jaka, kuma wannan ita ce dabara mafi amfani da na yi. A wani shago da ba zan ambata ba, wani saurayi ya miƙo mana rumbu a cikin kwali mai sheƙi, a farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran.

“Oga, sabo ne fil, jiya aka sauke shi,” in ji shi.

“To Malam, ka yarda mu gwada a nan?” in ji abokina.

Ya ɗan yi jim, sannan ya ce mu gwada. Abokina ya soka, ya buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Ashe kowane faifai yana riƙe da tarihin kansa: awa nawa ya yi yana aiki, sau nawa aka kunna shi, wurare nawa suka lalace a jikinsa. Wannan “sabo fil” ya yi aiki fiye da awa 19,000, wato sama da shekara biyu dare da rana, kuma manhajar ta nuna launin rawaya, alamar gargaɗi. Tsohon faifai ne aka ciro daga matacciyar kwamfuta aka sa masa sabon gida. Saurayin ya rantse cewa shi ma haka aka kawo masa, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Muka yi masa godiya muka fita. Araha dai ba ta ado.

Ba ina cewa tokumbo haramun ne ba. Idan mai shago ya faɗa maka na hannu ne, ya yi maka farashin na hannu, manhajar kuma ta nuna lafiyarsa ƙalau, kana iya saya ka zuba finafinai. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a ɗora masa amanar kundin digiri shi kaɗai.

Akwai wata yaudarar da ta fi wannan muni. Ana samun rumbun da idan an soka shi zai nuna terabayit 2, alhali ƙaramin filashi ne a ciki, an manna masa ƙarfe don ya yi nauyi, an kuma shirya shi ya riƙa yi wa kwamfuta ƙarya. Zai karɓi duk abin da ka zuba, sunayen fayiloli su fito daidai, amma da zarar ainihin cikinsa ya cika sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho. Ba za ka sani ba sai ranar da ka zo buɗewa. Maganin wannan wata manhaja ce ita ma ta kyauta, H2testw, wadda aka yi a Jamus. Takan cika rumbun da bayanai har baki sannan ta karanta ta ga ko sun dawo daidai. Ga mai terabayit 1 gwajin yakan ɗauki awa biyar zuwa shida, don haka ba a shago ake yin sa ba. Abin yi shi ne a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin rumbun, a yi magana da mai shago a kan kwanakin da za a iya mayarwa, a je gida a gwada a daren. Lambar da ke jikin kwali kuma ta dace da wadda ke jikin rumbun da wadda manhaja ta nuna. Manyan kamfanonin suna da shafi a intanet inda ake shigar da lambar a ga ko garantinsa yana nan.

Wani abu kuma da yake jawo rigima a banza: ka sayi mai terabayit 1, ka soka, Windows ta nuna maka gigabayit 931. Ni ma da na ga haka na miƙe zan koma shago. Ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Kamfani yana ƙirga gigabayit a matsayin bayit 1,000,000,000, ita kuwa Windows tana ƙirga shi 1,073,741,824. Idan ka raba tiriliyan ɗaya da wannan adadi, 931 za ka samu. Mai 500 zai nuna 465. Kamar mudun Kasuwar Gwari ne da na wani gari: hatsin bai ragu ba, ma'aunin ne ya bambanta.

Sai a duba girma da mahaɗa. Ƙaramin rumbu, mai inci biyu da rabi, daga jikin kwamfuta yake shan wuta ta wayar USB. Babba, mai inci uku da rabi, sai an soka shi a bango. Jiharmu ita ce mai madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma duk wanda ya zauna a Minna ya san ana ɗauke wuta ba sallama, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil. Ƙarami a jikin laftof mai batir ya kauce wa wannan matsala gaba ɗaya. Game da mahaɗa kuwa, a nemi USB 3.0, wadda ta fito a 2008, wadda galibi ake gane ta da shuɗin launi a cikin bakinta. Da ita na kwafe gigabayit 25 na hirarrakina a cikin minti biyar. A tsohuwar kafa ta USB 2.0 aikin yakan kai kwata na awa.

Kafin a Zuba Komai

Sabon rumbu yana zuwa da tsarin da aka shimfiɗa masa na jera fayiloli, kuma ya kamata a san wanne ne tun yana fanko, domin sauya shi, wato abin da ake kira fomatin, yana share duk abin da ke ciki. Uku ne suka shafe mu. FAT32 tsoho ne, kowace na'ura tana gane shi, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4, don haka dogon bidiyo ba zai shiga ba ko da akwai wuri. NTFS shi ne na Windows, ya fi jure ɗaukewar wuta, sai dai kwamfutar Apple tana iya karanta shi amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Shi kuwa exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006, duka biyun suna karanta shi suna rubutu a kansa. Wanda duk harkarsa a Windows take ya bar shi a NTFS. Ni malamina Apple yake riƙewa, amma duk da haka NTFS na bari, tunda karantawa kawai zai yi.

Bayan haka sai tsarin suna. Da farko fayilolina sunayensu “hira”, “hira sabuwa”, “hira ta ƙarshe”, “ta ƙarshe sosai”. Yanzu da kwanan wata nake farawa, shekara sannan wata sannan rana, sai unguwa, sai lamba: 2024-08-17_Limawa_03. Ta haka kwamfuta da kanta take jera su bi da bi. Ba na sa sunan wanda na yi hira da shi a jikin fayil; sunayen suna cikin wani littafi dabam, domin mutane sun ba ni amanar maganarsu, wasu har da zancen iyali, kuma rumbu abu ne da ake iya sacewa ko a manta a mota. Ina kuma guje wa haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil. Sababbin kwamfutoci suna gane ɓ da ɗ da ƙ, amma na ga yadda wata tsohuwar manhajar matse fayiloli ta mayar da “Ƙofar” wasu alamomi marasa ma'ana.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an buga ayyukan Hausa masu yawa da haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Idan ka karɓi tsohon kundi da aka buga da irinsu, ka buɗe a kwamfutar da ba ta da su, duk inda ƙ ko ɗ take sai ka ga wata alama dabam. Saboda haka duk wanda zai ajiye irin wannan aiki, ya ajiye fayil ɗin harafin a folda ɗaya da shi, ya kuma fitar da kwafi a tsarin PDF. Haka nan mai amfani da ELAN wajen rubuta hira, ya bar fayil ɗin rubutun da na muryar a wuri ɗaya, kada ya sauya wa muryar suna, in ba haka ba manhajar za ta riƙa nemanta.

Kwashewa Ba Ajiya Ba Ce

Wannan shi ne kuskuren da na yi da filashi, kuma na ga mutane suna maimaita shi da rumbu. Mutum zai sayi rumbu, ya kwashe komai daga kwamfuta ya zuba, ya goge na asali, ya ce ya yi ajiya. Bai yi ba. Da can kwafi ɗaya gare shi a cikin kwamfuta, yanzu ma kwafi ɗaya gare shi, ya dai sauya masa ɗaki, kuma ɗakin da ya fi saurin faɗuwa daga kan tebur. Kowane faifai zai mutu wata rana. Wani ya shekara takwas, wani ko shekara bai rufa ba.

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam da inda kake. Ga ɗalibi wannan kamar tsada ne, amma idan aka rarrabe kaya sai a ga da sauƙi. Finafinai da waƙoƙi da littattafan da kowa a aji yake da su, kwafi ɗaya a rumbu ya isa, in sun ɓace a karɓa wurin wani. Abin da kai kaɗai ne kake da shi, wato muryoyin da ka ɗauka da hotunan rubuce-rubucen ajami da babin da kake rubutawa, shi ne zai samu uku. Nawa suna cikin kwamfuta, bayan na kori finafinan sun ba su wuri. Suna cikin rumbu. Sannan na uku yana kan katin memori da na bari a akwatin mahaifiyata a Maitumbi. Babobin kundin da hirarraki mafi muhimmanci na ɗora su a Google Drive, wanda yake ba da gigabayit 15 kyauta, bayan na matse muryoyin da tsarin FLAC, wanda yake rage kusan rabin nauyi ba tare da ya zubar da komai na sautin ba. Dalilin ajiye kwafi a wani wuri a fili yake: ɓarawon da ya ɗauki jaka ya haɗa da kwamfuta da rumbu, haka ma gobara ko ruwa. Kada kuma a dogara da tura wa kai murya ko hoto ta WhatsApp, domin yakan matse hoto da bidiyo ya rage ingancinsu, sai dai in an tura su a matsayin takarda.

Riƙo na Yau da Kullum

Kada a motsa shi yana aiki. A ajiye shi a shimfiɗe a kan tebur, ba a kan cinya ko gefen katifa ba, kada kuma ya riƙa lilo a jikin waya. Idan an gama, a danna alamar cirewa da ke ƙasan allo ta hannun dama, a jira kwamfuta ta ce an iya cirewa, a kuma saurara har juyawar ta tsaya kafin a ɗaga shi. Na san da yawa suna fizgewa kawai kuma ba abin da ya faru. Haka nake yi da, har ranar da folda guda ta ƙi buɗewa.

Zafi ma abokin gaba ne. A takardar da ta zo da nawa an rubuta cewa kada a yi aiki da shi a wurin da ya wuce digiri 35, alhali a watan Maris da Afrilu zafin Minna da rana yakan haura haka. Don haka babban kwafi da safe ko da dare nake yin sa, ba na kuma barin sa a cikin mota ko kusa da taga. Lokacin hunturu a sa shi a jakarsa saboda ƙura, da damina a nisanta shi da ƙasa da bango mai laima.

Sannan batun aro. Da zarar an san kana da rumbu, za a fara zuwa: “Don Allah ara mini in kwafi fim.” Ni yanzu amsata ita ce, kawo filashinka in zuba maka. Rumbuna ba ya shiga kwamfutar shagon buga takardu, ba ya shiga ta kowa sai tawa da ta malamina. Abin da zan buga, a wani ƙaramin filashi nake kai shi, wanda ko ya dawo da cuta sai in yi masa fomatin. An ce ina da rowa, na yarda.

Idan rumbu ya fara ƙara kamar ana ƙyasta farce, ƙwas-ƙwas, ko ya riƙa ɓacewa yana dawowa, a fara sauya waya da kafar da aka soka, domin sau da yawa laifin waya ne ko ƙarancin wuta daga kafar. In ƙarar ta ci gaba, a kwashe mafi muhimmanci nan take, a kashe shi, kada a yi ta sokawa ana gwadawa, domin kowace juyawa tana ƙara ɓarna. Kada a ba mai gyaran waya ya buɗe murfin faifan. Ƙura ɗaya da ido ba ya gani ta fi tazarar da ke tsakanin kai da faifai girma, shi ya sa masu ceto bayanai suke buɗe shi a ɗaki na musamman mai tacacciyar iska, kuma kuɗin aikinsu ya ninka na sabon rumbu. Idan kuwa kuskure aka yi aka goge fayil, a daina zuba komai a ciki, domin bayanan suna nan har sai wani abu ya hau kansu, kuma manhajoji irin su Recuva da PhotoRec sukan dawo da su.

Ranar Juma'ar farko ta kowane wata nakan soka rumbun, in sabunta kwafi, in buɗe fayil biyu ko uku in tabbatar suna aiki. Galibi da hirar Baba ta Limawa nake gwadawa. A minti na 47 akwai inda yake ba da labarin wata mai tuwo ta bakin tasha, a jimla ɗaya ya ce mata “ya” sau biyu, sannan ya gyara da kansa ya ce “ta”, ya yi dariya. Wannan jimla ita ce misali na farko a babi na huɗu na kundina.